Me Ya Sa Duk Jaruman Labaran Yaranmu A Abuja Suke Zaune?



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina, waɗanda gobe ko jibi su ne za su riƙe alli a azuzuwan firamare na wannan jiha tamu ta Diffa, wani aikin gida mai sauƙi. Na ce kowa ya rubuto mini gajeren labari da Hausa, shafi uku zuwa huɗu, a kan duk abin da ya ga dama. Na tattara takardun na taho da su gida Maine-Soroa, na zauna bayan sallar isha'i ina karantawa. Kafin in kai rabi na gane kusan labari ɗaya nake ta maimaitawa. Wata kyakkyawar budurwa fara sol mai dogon hanci ta sauko daga bene a wani katafaren gida a Abuja, direba ya buɗe mata ƙofar mota, ɗan Alhaji da ya dawo karatu daga Landan ya gan ta ya kamu. Wani ya kai nasa labarin Dubai. Wata kuma ta sauke nata a unguwar masu kuɗi ta Kano. Ita wannan ta ƙarshe ƴar manomin tattasai ce a bakin Komadugu, kuma ko Damagaram ba ta taɓa takawa ba.

Ranar Litinin na tsayar da ita a aji na ce, "Ƴata, a shekarar da aka hana cinikin tattasai, me ya faru a gidanku?" Ta yi shiru, sannan ta fara magana. Ta ba mu labarin buhunan da suka cika ɗakin yayanta har ya koma kwana a zaure, da yadda duk gidan ke atishawa dare da rana, da dillalin da ya riƙa zuwa da magariba yana taya kayan da rabin kuɗinsu, da auren yayarta da aka ɗaga har sau biyu. Ajin ya yi tsit, masu danna waya a ƙarƙashin tebur suka ajiye. Da ta gama na ce, "To me ya hana ki rubuto mini wannan?" Ta ce, "Mushe, ai wannan ba labari ba ne, abin da ya faru ne kawai."

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Yaranmu sun ɗauka labari wani abu ne da ke faruwa da waɗansu mutane a wata ƙasa mai nisa, su kuma nasu kallo ne. Ra'ayina shi ne laifin namu ne malamai da iyaye, kuma gyaran ma a hannunmu yake, domin rubuta ƙagaggen labari sana'a ce da ake koya kamar ɗinki ko gini.

Ba yau aka fara ba

Kwaikwayo ba abin kunya ba ne ga mai koyo. Yaran nan abin da suke karantawa a wayoyinsu, a WhatsApp da Wattpad, shi suke zubowa a takarda, abin da aka shuka kuwa shi ke tsirowa. Manyan marubutanmu ma da aro suka fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin, irinmu. Imam bai ɓoye ba cewa ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Turawa, musamman a Magana Jari Ce. Amma duk abin da ya aro sai da ya sa masa riga da hula irin namu, ya zaunar da shi a fada da kasuwa da zaure, har mai karatu ya rantse a garinsu abin ya faru. Nan ne yaranmu suka tsaya a rabin hanya. Sun iya aro, ba su iya kawo abin gida ba.

Waɗanda suka daɗe a zukatan masu karatu kuwa, in ka duba, daga abin da suka sani suka rubuta. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne suke da zafin da suke da shi, har aka fassara na biyun zuwa Turanci a 2012. A 2016 da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar ƴan gudun hijira. A 2022 kuma ƴar ƙasarmu ce daga Maraɗi, Amira Souley, ta lashe gasar da labarinta Garar Biki, a kan wata al'ada da kowace uwa ta san nauyinta.

Mu nan Manga ma muna da namu. Abdoulaye Mamani a Gudumariya aka haife shi a 1932, maƙwabtanmu na yamma. Ya ɗauki labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, labarin da littattafan Turawa suka taƙaita a ƴan layuka, ya mayar da shi littafin Sarraounia a 1980. Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Da Faransanci ya rubuta, amma darasin ɗaya ne. Ya ga labari a inda saura suka wuce ba su waiwaya ba.

Abin da nake koya wa ɗalibaina

Ga abubuwan da na gwada a aji na ga amfaninsu. Malamin firamare zai iya sauƙaƙa su daidai da yaransa, uwa ko uba kuma za su iya amfani da su idan yaro ya kawo musu abin da ya rubuta.

Na farko, a tambayi labarin tambaya biyu: wa yake son me, kuma me ya tare masa hanya? Yawancin abin da ake kawo mini bayanin mutum ne kawai. "Malam Modu mutumin kirki ne, yana da mata biyu da ƴaƴa tara, kowa a gari yana ganin girmansa." Madalla, sai me? Har yanzu ba a fara ba. Amma idan aka ce Malam Modu yana da buhun tattasai goma sha biyu, ɗaurin auren ƴarsa saura mako uku, hanya kuma a rufe take, to mai karatu ya riga ya gyara zama. Buƙatar ba sai ta zama babba ba. Yaron da ke son ya mayar wa mushensa littafin da akuya ta cinye rabinsa ya ishi shafi huɗu. Abin da ake nema shi ne buƙatar ta dame shi, kuma akwai abin da zai rasa idan bai samu ba.

Na biyu, a fara daga inda ƙura ta tashi. Ɗalibaina suna son su tayar da jaruma daga barci, ta yi salati, ta yi alwala, ta share tsakar gida, ta ɗora koko, ta gaida kowa, sai a shafi na uku abin da ya kawo mu ya ɓullo. Nakan ce su ɗauki jan biro su nemo jimlar farko da wani abu ya lalace a cikinta, su soke duk abin da ke samanta. Ga irin buɗewar da nake rubuta musu a allo: "Ranar da ruwa ya shigo gonar, Ya Falmata ba ta riga ta gaya wa mijinta cewa da bashi ta sayo takin ba." A jimla ɗaya mun san akwai ambaliya, akwai bashi, akwai sirri tsakanin mata da miji. Shekarunta da launin fatarta da sunan ƙauyensu duk za su iya biyo baya a hankali, in ma ana bukatarsu.

Na uku, a kira abu da sunansa. Nan ne nake ɗaukar lokaci, domin nan ne rubutun yaranmu ya fi rauni. "Gari ne mai kyau da ni'ima." Wane gari? Wannan jimla ta dace da Maine, ta dace da Makka, saboda haka ba ta nuna ko ɗaya ba. Wanda ya tashi a bakin Komadugu ya san ƙarar injin ban ruwa da asuba, ya san yadda tattasai ke yin ja wur idan an shanya shi a fili lokacin hunturu, ya san raɗaɗin da ke kama hannun mai tsinka idan ya manta ya murza ido. Wanda ya tashi a kwarurrukan arewacin Maine ya san farin kanwa a kan ƙasa kamar an barbaɗa gari, da inuwar dabino da goruba, da shingen kaba da ake kafawa a kan tudun rairayi don kada ya binne kwari, da yadda rairayin ke shigowa har cikin kwanon tuwo idan iska ta taso. Marubucin Kano ba shi da waɗannan, komai gwanintarsa. Dukiyar yaranmu ce, suna tafiya a kanta ba su sani ba.

Aikin da nake bayarwa a nan shi ne, ranar kasuwa kowa ya tafi da ƙaramin kaye da biro, ya rubuto abu goma da ya gani, biyar da ya ji da kunne, uku da ya shaƙa. Sharaɗi ɗaya ne, na haramta kalmomin "kyau" da "daɗi" da "yawa". A karon farko sukan dawo suna ƙorafi. A karo na biyu wani ya kawo mini mai awon gero da ke karɓar naira da hannun dama, sefa da hannun hagu, yana lissafin canji da baki ba tare da ya ɗaga kai ba. Na ce masa wannan mutumin ya fi ɗan Alhajin Landan ɗinka rai sau goma, je ka nemo abin da ke damunsa.

Na huɗu, mutane su yi magana yadda mutanenmu suke yi. A labaran da ake kawo mini, mata tana kiran mijinta da sunansa gatsal, ɗa yana zayyana wa ubansa abin da ke zuciyarsa kamar mai karanta sanarwa, saurayi da budurwa kuma rabin zancensu Turancin da marubucin kansa bai iya ba. A gidan wa ake haka? Mu da uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mu da suruki ke sauya hanya idan ya hango surukarsa. Kunyar nan da kawaici su ne gishirin hirarmu, kuma babban makami ne ga marubuci, domin abin da aka haɗiye ya fi abin da aka furta nauyi. A duba wannan:

"Sannu da zuwa, Malam. Ya kasuwa?"
"Kasuwa alhamdu lillahi."
Ta dubi amalanken. Buhunan suna nan yadda ta ƙirga su da asuba, goma sha biyu.
"Bari in kawo maka ruwa," in ji ta.

Babu wanda ya ce an yi asara, babu wanda ya yi kuka, amma duk wanda ya taɓa zama a gidan manomi ya ji abin a ƙirjinsa. Game da harsuna kuwa, kasuwar Diffa ana jin Kanuri da Hausa da Fulatanci da Larabci da Tubanci da Faransanci a rumfa ɗaya. Mai rubutu da Hausa ba sai ya mayar da kowa Bakano ba. Ya bar wa tsohuwa "wushe" ɗinta, ya bar wa ɗan lakwal "mushe" ɗinsa, ya faɗa sau ɗaya cewa da Kanuri suke magana, ya ci gaba da Hausarsa. Mai karatu zai bi shi.

Na biyar, a rage wa'azi, a yi wa mugu adalci. Mu malamai mu ne muka koya wa yara cewa kowane labari sai an rufe shi da "darasin da za mu koya". Kakanninmu da suka ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba su tsaya yi mana sharhi ba, ƙurunƙus suke cewa su tura mu barci, kuma ga shi har yau ba mu manta da sakamakon haɗama ba. Idan labari ya ginu, darasin yana cikinsa kamar gishiri a miya. Haka nan kishiya da uwar miji da dillali, a rubutun yaranmu duk shaiɗanu ne tun daga shafin farko. Nakan ce wa ɗalibi ya ba muguwar labarinsa shafi guda ta faɗi nata ɓangaren da bakinta, ko da ba zai sa shi cikin labarin ba. Sau da yawa sai ya gano dillalin nan da ke taya tattasai da rabin kuɗi shi ma bashi ne a wuyansa, kuma kasada yake yi da ransa a hanya. Daga nan labarin ya tashi daga zagi ya koma rayuwa. Yaron da ya saba tambayar kansa "shi kuma me ya sa ya yi haka?" ya koyi abin da zai amfane shi ko da bai sake rubuta layi ɗaya ba.

Na shida, kada a kawo ƙarshe daga sama. Idan marubuci ya rasa mafita sai ya kashe mugu a haɗarin mota, ko wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya mutu ya bar gado, ko jaruma ta farka ashe mafarki ne. Wannan cin amanar mai karatu ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma a cikin labari marubuci ne ke riƙe da alƙalami, kuma mai karatu ya san haka. Ƙa'idar da nake ba su ita ce, duk abin da zai warware labari a shafi na huɗu sai an gan shi a shafi na ɗaya ko na biyu, kuma ya fito daga abin da jarumin ya zaɓa da kansa. Ba dole ne a ƙare da biki ba. Wani lokaci ya isa a ce Malam Modu ya sayar da injin ban ruwansa ya aurar da ƴarsa, mu rabu da shi yana tsaye a bakin kogi yana kallon gonar da ba shi da abin shayar da ita bana.

Na bakwai, gyara. Rubutun farko ɗanyen bulo ne. A ajiye shi mako guda, sannan a karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu ko uku. Inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ba ta da lafiya. Inda mai sauraro ya fara kallon waje, wurin ne za a yanke. Sannan a kula da ƙa'idar rubutu, domin kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, kuma "yana" kalma ɗaya ce, ba a raba ta. Wayoyin yanzu suna da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, uzurin ya ƙare.

Amana a kan abin da ya same mu

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, da hana hawa babur da kamun kifi, da hana cinikin tattasai wanda sai a ƙarshen 2017 aka sassauta, babu gidan da abin bai taɓa ba a jihar nan. Mun ga bukkokin ƴan gudun hijira sun jeru a gefen babbar hanya, mun ga sansanin Sayam Forage. An rubuta rahotanni masu yawa a kanmu da Faransanci da Turanci, cike da alƙaluma. Alƙaluma suna da amfaninsu, amma ba za su gaya wa jikokinmu abin da tsohuwa ta zaɓa ta ɗauka a daren da aka ce kowa ya bar ƙauye ba, ko yadda mai gida ya raba tsakar gidansa biyu da zana don baƙin da bai taɓa gani ba. Idan yaranmu ba su rubuta wannan ba, wani ne zai zo daga nesa ya rubuta mana shi yadda ya fahimta, ko kuma ya bi tsofaffi kabari.

Sai dai a yi hattara. Kada malami ya tashi ya ba aji jigon "ranar da aka kawo hari garinmu" a matsayin aikin dole, domin a cikin yaran akwai wanda a ranar ya zama maraya. A buɗe ƙofa kawai, wanda ya shirya ya shiga, wanda bai shirya ba ya rubuta labarin akuyarsa, shi ma labari ne. Wanda ya rubuta kuma a koya masa ya sauya sunaye da ƙauyuka da kamanni, kada ya nuna wani da yatsa, kada ya fallasa macen da aka ci wa zarafi, kada ya sa abin da zai jawo wa wani ko shi kansa fitina. Amfanin ƙagaggen labari ke nan, yana ba ka damar faɗin gaskiya ba tare da ka tona asirin kowa ba.

Masu ja da wannan magana

Na san akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, yaro ya yi lissafi da Faransanci ya ci jarrabawa. Ina tare da su a kan son cin jarrabawa. Amma a shekarun da na yi ina gyaran takardu, na lura yaron da ya iya jera labari da harshen da yake tunani da shi, farko da tsakiya da ƙarshe, shi ne yake iya jera shi da Faransanci. Wanda bai iya ba a harshen gida, haddar jimloli kawai yake yi. Ƙasar nan ta san haka tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Yanzu kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, tambaya ɗaya tana nan: me yaran za su karanta? Doka ba ta rubuta littafi. Idan ba mu horar da masu rubutawa ba, sai dai mu ci gaba da sayo na Kano, yaranmu su ci gaba da zaton rayuwa a can take.

Wasu kuma za su ce, nan ƙasar Manga ce, me ya sa Hausa? Gaskiyarsu. Duk abin da na lissafa a sama yana aiki da Kanuri da Fulatanci da Tubanci, kuma zan fi kowa murna in ga ɗalibina ya rubuta da harshen da mahaifiyarsa ta yi masa rarrashi da shi. Hausa ita ce ta haɗa mu a kasuwa da tasha, kuma ita ce za ta kai labarin Maine har Sakkwato da Kumasi. Wanda ya iya biyu ya rubuta da biyun.

Akwai iyayen da ke ganin littattafan nan su ke lalata ƴaƴa mata, har wasu na yaga kayen ƴarsu idan suka ga labari a ciki. Ban ce duk abin da ke yawo a waya alheri ne ba, akwai shara da yawa. Amma yaga takarda ba ya hana karatu a ɓoye, sai dai ya hana ka sanin abin da ke ran ƴarka. Gara ka ce ta karanta maka.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani abokin aikina. Ya ce yaran da suka ga abin da yaranmu suka gani suna da haƙƙin su yi mafarkin bene da mota, a bar su su huta da tattasai da gudun hijira. Na yi kwanaki ina juya maganar, kuma na yarda da rabinta. Ba na hana kowa mafarki, ba na kuma cewa sai labarin baƙin ciki. A bakin kogin nan ana soyayya, ana barkwanci tsakanin Barebari da Fulani, ana kokawa, ana biki. Abin da na ce wa abokina shi ne, yarinyar da ke zaune a Maine tana tankaɗe, wayar yayanta a cinyarta, tana karanta labarin Abuja tana sa kanta a ciki har tuwo ya kama, ita ma labari ce, kuma babu mai iya rubuta ta sai ƴar Maine. Mafarkin ya shigo cikin labarin, amma ƙafar mai mafarkin ta taka ƙasar da muka sani.

Abin da kowa zai iya yi

Malam, ba ka bukatar kuɗi ko izini daga Yamai. Ware rabin awa a mako, yaro ɗaya ya karanta labarinsa, saura su amsa tambaya biyu kawai: ina ne kuka fi so, ina ne ba ku gane ba? Kada ka fara da jan biro a kan kuskuren rubutu, ka bari sai labarin ya tsaya da ƙafafunsa. A ƙarshen shekara a zaɓi goma a kwafe su da hannu mai kyau a kaye ɗaya, a ajiye wa ajin da ke tafe. Laburare ke nan kun fara.

Iyaye kuma, kaye da biro ba za su karya gida ba. Ku tura yaro wurin kakarsa ya tambayo yadda ake dafa gishirin mangul a da, ko yadda ayarin raƙuma ke sauka, ko shekarar da fari ya kore su daga ƙauye. Idan ya karanta muku abin da ya rubuta, ku saurara har ƙarshe kafin ku ce komai.

Ita kuwa ɗalibar tawa, bayan mako biyu ta kawo mini sabon labari. Ta sauya sunaye, ta mayar da yayarta ƙanwa, ta fara da atishawar da ta tashi gidan da tsakar dare. Akwai kurakurai, tsakiyar ta yi tsawo, kuma ta kasa jurewa sai da ta liƙa ɗan wa'azi a ƙarshe, wanda muka soke tare muna dariya. Da ta karanta a aji, wani ɗalibi daga wajen Gudumariya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ni ma akwai abin da ya faru a kwarinmu shekarar da rairayi ya cinye rijiya. Shi ma ya shiga?" Na ce masa ya kawo ranar Litinin.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a jiharmu da ƙasarmu, Ya yi wa yaranmu albarka, amin.